Gaske ne ko shiri? Fashin baƙi kan masu shiga daji a gaban kamara

Baturen nan da ake gani a waya yana tauna tsutsa, yana matse kashin giwa ya sha ruwan, yana shigewa cikin gawar raƙumi don ya fake, da gaske yake yi ko wasa ake yi da hankalinmu? Tambayar ta daɗe tana yawo a majalisun Bauchi, sai dai ta ƙara zafi tun da guntayen bidiyon suka cika TikTok da Facebook, wasu har da muryar Hausa aka ɗora musu. Kwanan baya a teburin wani mai shayi kusa da Wunti, gardamar ta kai har shayi ya huce a kofuna. Wani direban Keke ya rantse duk ƙarya ce: ai mai riƙe da kamarar ma mutum ne, shi me yake ci, ina yake kwana? Wani tela ya ce to ramar da suke yi fa, har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ita ma kwalliya aka yi musu? Dattijon da ke ƙarshen benci bai shiga wannan ba. Abin da ya dame shi daban ne: mutum da gidansa da tuwonsa, me zai kai shi ga cin mushe?

Da na saurare su sai na gane kowa da gaskiyarsa, illa dai ba shiri ɗaya suke magana a kai ba. A waya duk sun zama abu guda, minti bibbiyu, babu suna babu shekara. A asali kuwa sun sha bamban, kuma sai an rarrabe su kafin a san wanda za a yarda da shi.

## Me ake nufi da shirin zahiri?

Shirin zahiri shi ne wanda ba 'yan wasa ake ɗauka ba, ba a kuma rubuta wa mutum abin da zai faɗa kalma da kalma. Ana jefa mutane cikin wani hali ne a bi su da kamara. Amma rashin rubutaccen labari ba ya nufin babu hannun mai shiri. Shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi mutanen, shi ya kafa doka, kuma daga ɗaruruwan sa'o'in da aka ɗauka shi zai tsamo minti arba'in da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa karɓar bidiyon bikinsa ya san wannan. An yi yini guda ana hidima, an yi jiran motar amarya, an yi ɓacin rai kan rabon abinci, amma abin da mai hoto ya kawo rawa ce da fara'a daga farko har ƙarshe. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ba haka yinin ya kasance ba.

Abin da ya sa irin waɗannan shirye-shirye suka yawaita a tashoshi kamar Discovery da History bai wuce lissafin kasuwa ba. Ba a biyan manyan taurari, ba a gina gidan wasa, sannan yunwa da tsoro ba sa buƙatar tafinta. Wanda bai jin Turanci ko kalma ɗaya zai iya kallo ya fahimta, shi ya sa ake sayar da su ko'ina a duniya har suka iso gidajenmu ta DStv da StarTimes, daga baya kuma ta hannun masu tura fina-finai a waya.

## Ba kwando ɗaya suke ba

Akwai na gasa. Ya samo asali daga Siwidin a 1997, Amurka ta ɗauka a 2000 da sunan Survivor, da kyautar dala miliyan 1. A nan daji ado ne kawai. Abin da ke fitar da mutum ƙuri'ar abokan zamansa ce, don haka ƙulla ƙawance da cin amana su ne wasan. Namu na gida, Gulder Ultimate Search, wanda aka fara a 2004 a tsibirin Snake Island na Legas, dangin wannan ne. An kai shi Obudu, an kuma kawo shi duwatsun Shere da ke kusa da Jos, maƙwabtanmu ta ɓangaren Toro.

Akwai na mai koyarwa da tawaga a bayansa. Sarkin wannan fanni shi ne Bear Grylls, ɗan Birtaniya, da shirinsa Man vs. Wild da ya fara a 2006. Yawancin bidiyon cin ƙazanta da ke yawo a wayoyinmu nasa ne.

Sai na kaɗaici. Les Stroud, ɗan Kanada, shi kan shiga daji na mako guda shi kaɗai, yana ɗaukar kansa da kansa, har yakan ajiye kamara ya wuce ta gabanta sannan ya dawo ya ɗauke ta. Daga baya shirin Alone ya zo a 2015: mutum goma, kowa a wurinsa daban, kowa da kaya goma da ya zaɓa daga jerin da aka amince, babu mai ɗaukar hoto, wanda ya fi daɗewa ya tafi da dala 500,000. Tsakanin waɗannan akwai Naked and Afraid na 2013, inda ake ajiye namiji da mace tsirara na kwana 21, da tawagar ɗaukar hoto a kusa.

Direban Keke da Grylls yake. Tela da Alone yake. Kowa na jifan abin da ɗayan bai gani ba.

## Abin da aka bankaɗo a 2007

Masu cewa shiri ne ba daga sama suka samo maganar ba. A 2007 jaridun Birtaniya suka ruwaito, ta bakin wani da ya yi aiki da shirin a matsayin mai ba da shawara, cewa a wasu darare da mai kallo ya ɗauka Grylls a daji ya kwana, a masauki ya kwana. An ce kwale-kwalen itacen da aka nuna yana haɗawa, tawaga ce ta fara haɗa shi ta gwada sannan aka warware don ya sake a gaban kamara. An ce dawakan da aka nuna a matsayin na jeji, na gida ne aka kawo. Bayan haka tashar ta riƙa sa sanarwa a farkon shirin cewa ana taimaka masa, kuma wasu yanayin shirya su ake yi don ya nuna dabara. Shi ma daga baya ya ba da haƙuri ga waɗanda suka ji an ruɗe su.

Wannan bai mayar da shi rago ba. Mutumin ya yi soja, ya hau dutsen Everest a 1998 yana ɗan shekara 23, kuma tsallen da yake yi daga dutse zuwa ruwa jikinsa ne ke yi. Amma wanda ya taka daji da Barack Obama a Alaska a 2015, ya kuma taka da Narendra Modi a Indiya a 2019, kowa ya san ba ɓatan hanya ake yi ba. Shugaban ƙasa ba ya shiga inda ba a riga an share ba. Matsalata da guntayen da ke yawo a nan ita ce an yanke wannan sanarwar. Yaro a Yalwa ko Jahun yana ganin cin tsutsar, ba ya ganin gargaɗin.

Haka ma bidiyon nan na samari biyu marasa riga da ke haƙa tafkin wanka a daji da sanda. Wanda ya fito da salon gini da hannu ba magana, John Plant na Ostireliya, aikinsa a hankali yake, bukka ɗaya takan ci shi watanni. Da yawa cikin masu kwaikwayonsa an gano sawun motar haƙa a gefen ramukansu.

## Inda yunwar take ta gaske

Tela ma bai yi ƙarya ba. A zangon farko na Alone a tsibirin Vancouver, wani bai kai kwana guda ba ya nemi a ɗauke shi saboda tsoron beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari), wanda ya ci kuwa, Alan Kay, kwana 56 ya yi. A zango na uku a Patagoniya ta Ajantina, Carleigh Fairchild ta kai kwana 86 ba ta sare ba, likitoci ne suka cire ta don nauyinta ya faɗi ƙasa da iyakar da aka sa. Washegari aka sanar da Zachary Fowler ya ci da kwana 87. A zangon da aka nuna a 2020 Roland Welker ya cika kwana 100 a gaɓar wani babban tafki a arewacin Kanada ya karɓi dala miliyan 1. Wannan rama ba ta kwalliya ba ce.

Kuma an yi mutuwa. A 2007, a zangon Gulder na Filato, wani matashi ɗan takara ya nutse a ruwa. A 2013 wani ɗan shekara 25 ya rasu da bugun zuciya a ranar farko ta ɗaukar shirin Faransa mai suna Koh-Lanta a Kambodiya. A 2015 jirage biyu masu saukar ungulu suka yi karo a Ajantina wajen ɗaukar wani shirin na Faransa, mutum goma suka mutu, har da fitattun 'yan wasanni uku. Duk mai cewa komai wasa ne ya tuna da iyayen waɗannan.

## Wayar da ke cikin jaka

A ganina, tambayar gaske ko shiri ba ta kai ga zuciyar maganar ba. Ko a shirin da ya fi kowanne tsanani, kowane ɗan takara yana da wayar tauraron ɗan adam a jakarsa. Ranar da ya gaji ya danna, jirgin ruwa ko na sama ya zo. Likita na leƙa shi lokaci-lokaci yana auna shi. An san inda yake. Yunwarsa gaskiya ce, amma yunwa ce mai ƙofa a buɗe, kuma shi ya shiga da ƙafarsa don kuɗi ko suna.

Mu a nan kalmar daji ta canza ma'ana a 'yan shekarun nan. Akwai mutane a jihar nan da suka yi kwanaki a daji ba da son ransu ba, a hannun masu garkuwa, wasu suka kuɓuta suka yi ta tafiya ba takalmi har suka ga hayaƙin wani ƙauye. Akwai makiyayin da ke mashekari wata da watanni, akwai matar da ke shiga neman itace tun asuba da goyo. Babu wanda cikinsu yake da maɓallin dannawa. Na taɓa zama da wani da irin wannan ta faru da ɗan'uwansa, ana kallon bidiyon a wayar wani, ya tashi shiru ya bar wurin. Tun ranar na daina ɗaukar cewa kowa nishaɗi yake gani a ciki.

Ban ce kada a kalla ba. Ni ma ina kallo, kuma abin da ya fi taɓa ni a Alone ba farauta ba ce. Ƙato ne mai gemu, ya gina bukka mai kyau, yana da kifi a rataye, sai ya zauna ya fashe da kuka don kewar 'ya'yansa ya danna wayar. Da yawa ba yunwa ce ke fitar da su ba, rashin mutum ne. Bahaushe ya riga ya ce mutum rahama ne, ga shi ana gani da ido.

## Ɓangaren masu cewa bai dace ba

Tambayar dattijon nan tana da nauyi. Alƙur'ani ya haramta mushe da jini da naman alade, sannan a aya ta 173 ta Suratul Baƙara ya yi rangwame ga wanda larura ta matsa wa, ba mai nema ba, ba mai wuce iyaka ba. Malamai sun yi bayani cewa larura ita ce wadda ta auko wa mutum. Wanda ya sayi tikiti ya je ya same ta, da motar abinci a bayan kamara, da wuya a kira shi mai larura. Su masu shirin ba da wannan ma'auni suke aiki ba, amma mai kallo a nan da shi yake aunawa, kuma yana da haƙƙin haka.

Batun tsiraici kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Dusashe hoton da ake yi bai sa shirin ya zama abin kallo a falo da yara ba, kuma ban ga dabarar rayuwa da cire tufafi ya koyar ba, sai ƙarin cizon sauro da jan masu kallo. Gulder ma mutane da yawa a Arewa sun kalle shi suna ɗari-ɗari, domin sunan giya ne, kamfanin giya ne ya ɗauki nauyinsa.

Abin lura, masu kallo a ƙasashen Turawa sun fi ƙorafi kan kashe dabbobi don nishaɗi, abin da ba kasafai ake tayar da shi a majalisunmu ba. Ya kamata a tayar. Yankari, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, na cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya, kuma farauta a cikinta laifi ne. Saurayin da zai ɗauki waya ya shiga can don ya yi nasa bidiyon, ma'aikatan gandun daji zai haɗu da su, in bai fara haɗuwa da ɓauna ba.

## Abin da kwaikwayonsa ke iya kashewa

Nan ne abin ya shafi kowa. Dabarar daji ba ta tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa kamar waya. A Kanada sanyi ne ke kisa, shi ya sa suke farawa da bukka da wuta. A dajin Alkaleri cikin watan Afrilu, rana na haura digiri 40, ƙishirwa ce za ta fara kayar da mutum. Wanda ya ɓata ƙarfinsa yana saran itace da tsakar rana don ya ga an yi a talabijin, kansa ya cuta. Inuwa ake nema, a yi tafiya da sanyin safiya ko na yamma.

Shan fitsari, wanda bidiyonsa ya fi kowanne yawo, ba ya kashe ƙishi. Gishiri ne da dattin da jiki ya fitar, kuma littafin koyar da sojan Amurka kansa ya hana. Ruwan kududdufi in ba a tafasa ba, amai da gudawa ne, wanda zai ƙwace ɗan ruwan da ya rage a jiki.

Ɓera kuma. A shirin ana kama shi a gasa a yi murna. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari, kusan kowace rani, kuma daga fitsari da kashin ɓera da taɓa jininsa wajen fiɗa ake ɗauka.

Maciji ya fi duka. Mai shiri zai danne kansa da sanda ya ɗaga shi yana magana. Mu kububuwa muke da ita, 'yar ƙarama mai kalar ƙasa, dafinta na hana jini daskarewa har ya riƙa fita ta dasashi. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe cika yake lokacin shuka da girbi. Tsaga wurin da reza, tsotsa da baki, ɗaure ƙafa tamau da roba, duk ƙara ɓarna suke yi. Abin da likitoci ke cewa shi ne a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin da zai matse in ta kumbura, a garzaya inda ake da allurar dafi.

Tsirrai ma haka. Wanda ya ga an tsinki ganye an ci a Amazon, ya zo ya gwada da zaƙami ko ya bar ruwan tunfafiya ya shiga idonsa, ba kamarar da za ta tsaya don a kira likita.

## Ilimin da ke bayan gidanmu

Akwai abin da ya kamata mai kallo ya lura da shi. Jordan Jonas, wanda ya ci zango na shida na Alone da kwana 77, ya yi shekaru yana zaune da makiyayan Evenki a Saiberiya kafin ya shiga gasar. Ed Stafford, wanda ya bi kogin Amazon da ƙafa kwana 860 ya gama a 2010, mafi yawan tafiyar tare da wani ɗan ƙasar Peru ya yi ta. Waɗanda ake tafa wa, a wurin mutanen ƙauye suka koya.

Da sallar da ta wuce na je gaida kawuna, tsohon maharbi ne a wani ƙauye ta wajen Duguri. Na nuna masa bidiyon wani yana kafa bukka dab da bakin rafi. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaro, wannan baƙo ne. Wa ke kwana a mashaya? Duk abin da ke dajin nan da dare nan zai zo.” Na ce, “Kawu, to in rafin ya ƙafe fa?” Sai ya tashi ya ce in biyo shi.

Muka gangara wani busasshen rafi, yashi fari fat, ko alamar laima babu. Bai tsaya ko'ina ba sai a wata kwana inda giyayya da ɓaure suka yi duhu. Ya durƙusa ya fara tona da ɓallin ƙwarya. Da ramin ya kai gwiwar hannu yashin ya yi duhu, da ya ƙara kaɗan ruwa ya fara tsattsafowa. Ya kwashe na farko mai laka ya zubar, ya ce a jira. Muna zaune ya nuna mini kurciyoyi, ya ce in yamma ta yi a dubi inda suka nufa a miƙe, can ruwa yake. A hanyar dawowa bai wuce itace ba tare da ya kira sunansa da watan da yake 'ya'ya ba: kanya, ɗinya, tsada, taura, aduwa, magarya. Ya nuna mini inda ake tono muruci a ƙarƙashin giginya. A gida ya zaro ƙyastu daga tsohuwar jakar fata, ƙarfe da ɗan dutse da audugar rimi, bugu uku hayaƙi ya tashi. Matarsa, Inna, tana daga bakin murhu ta ce ai shi itatuwa kawai ya sani, a tambaye ta ita yadda aka ci tafasa da yaɗiya a shekarar da hatsi ya ƙare kafin kaka.

'Ya'yansa maza uku duk suna gari, biyu a Bauchi ɗaya a Gombe. Babu wanda ya taɓa kunna wuta da ƙyastun nan, kuma ƙaraminsu ne ya fara tura mini bidiyon Grylls. Na ɗauki Kawu a waya na minti goma sha ɗaya yana bayanin itatuwa kafin la'asar ta katse mu. Ya ce in dawo bayan girbi, lokacin da ciyawa ta kwanta ana ganin sawu, in zo da takalmi mai rufe idon ƙafa saboda kububuwa, zai kai ni inda zuma take.